Baba Yara: Ɗan Zangon da ya gagari 'yan baya, hanyar komawa gida ta kwantar da shi

Duk matafiyin da ya taso daga Zariya ya nufi Kano, da zarar ya wuce Kwanar Ɗangora zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Ko da tsakiyar rani ne, hagu da dama kore ne shar: shinkafa, tumatir, albasa, masara da rake. Ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, shi ke bin magudanai yana shayar da gonakin Garun Malam da Kura da Bunkure.

A tsakiyar wannan yanki ne, a kan gadar da ke kusa da Chiromawa, wata motar bas ta ƙwace ta faɗa ƙasa ranar Asabar 31 ga Mayu, 2025. Tana ɗauke ne da tawagar Jihar Kano da ke dawowa daga Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka kammala a Abeokuta, Jihar Ogun. Mutum 22 ne suka rasu, kamar yadda gwamnatin jihar ta sanar. A cikinsu akwai 'yan wasa da masu horarwa da jami'ai. Sun shafe kusan kilomita 1,000, abin da ya rage musu su shiga birni bai kai tafiyar sa'a ɗaya ba.

Shekara 62 kafin wannan rana, wani hatsarin mota makamancin wannan ya auku a ƙasar Ghana. Shi ma ya rutsa ne da 'yan wasa a hanyarsu ta komawa gida. Ɗan wasan da ya fi kowa jin rauni a ranar bai mutu nan take ba. Ya ƙara shekara shida a duniya, amma bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Sunansa Baba Yara.

Masu kallon ƙwallo a Najeriya sun sha jin wannan suna, musamman ranar 25 ga Maris, 2022, lokacin da Super Eagles ta tashi canjaras babu ci da Ghana a wasan neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya. An buga wasan ne a Filin Wasa na Baba Yara da ke Kumasi. Sai dai kaɗan ne daga cikin matasan da suka cika gidajen kallo a Kura da Kano a wannan dare suka san ko wane ne mai sunan.

Ɗan Zango

Sunansa na yanka Osman Seidu, wato Usman Sa'idu a bakin Bahaushe. An haife shi a Kumasi ranar 12 ga Oktoba, 1936, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Ya fito ne daga cikin al'ummar Musulmin birnin, waɗanda ake kira mutanen Zango.

Zango ba baƙuwar kalma ba ce a ƙasar Hausa. Wurin da fatake ke sauke kaya su kwana ke nan. Ɗaruruwan shekaru fataken Kano da Katsina suna ɗaura wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su nausa yamma zuwa Gwanja su sayo goro. Babbar kasuwar wannan fatauci a da tana garin Salaga ne. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa wasu garuruwa, da yawansu suka gangara Kumasi, kusa da dazukan da goron ke fitowa.

Da haka masaukin fatake ya zama unguwa. Hausawa da Dagomba da Mosi da Wangarawa da Yarbawa da Fulani suka zauna wuri guda, Musulunci ya haɗa su, Hausa ta zama harshen kasuwa da na masallaci. Har gobe wanda ya sauka a Zangon Kumasi daga Kano ba ya neman tafinta. Shi ya sa laƙabin Baba Yara ba ya yi wa kunnen Bahaushe nauyi.

Waɗannan unguwanni sun daɗe suna fitar da gwanayen ƙwallo. Daga cikin Musulmin Ghana ne aka samu Ibrahim Sunday, wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1971, da Karim Abdul Razak da ya samu wannan kambi a 1978. Unguwar Nima ta Accra ta fitar da Mohammed Polo, ta kuma fitar da Mohammed Kudus na wannan zamani. Baba Yara yana cikin na farko-farkon da suka share musu hanya.

Daga bayan doki zuwa fili

Ba da ƙwallo ya fara neman abinci ba. Tun yana ɗan shekara goma sha, a farkon shekarun 1950, mahayin dawakin sukuwa ne a filin tseren dawaki na Accra. Sana'a ce da ke son mutum mara nauyi, mai ƙarfin cinya, wanda ya iya daidaita jikinsa a cikin gudu, kuma zuciyarsa ba ta rawa idan dawaki suka matse juna a kwana. Duk waɗannan abubuwa ɗan wasan gefe ma yana buƙatarsu.

A 1955 ya sauka daga kan doki ya sa hannu a ƙungiyar Asante Kotoko ta garinsu. An kafa Kotoko a 1935, wato ta girme shi da shekara ɗaya kacal. Tambarinta beguwa ce, alamar masarautar Asante, kuma ga mutanen Kumasi ƙungiyar ta wuce ta wasa kawai, wani ɓangare ce na martabar ƙasarsu.

Bai cika shekara a ƙungiyar ba aka kira shi tawagar ƙasa. A wancan lokaci akwai wani kofi mai suna Jalco da Gold Coast da Najeriya ke karawa a kansa duk shekara, bana a Legas, baɗi a Accra. 'Yan wasan Najeriya jajayen riguna suke sawa, ana kiransu Red Devils. A karawar 1955 da aka yi a Accra, masu masaukin baƙi suka zura wa Najeriya ƙwallo 7 babu ko ɗaya. Har yau ba a taɓa yi wa babbar tawagar Najeriya cin da ya wuce wannan ba.

A gefen dama na 'yan gaban Gold Coast a ranar akwai yaro ɗan shekara 19 da riga mai lamba 7. Tarihin ƙwallon Ghana ya rubuta masa ƙwallo biyu daga cikin bakwai ɗin, ban da waɗanda ya miƙa wa abokan wasansa suka ci. Wasansa na farko ke nan a tawagar ƙasa.

Sarkin 'yan gefe

Ƙwallon wancan zamani ta sha bamban da ta yanzu. 'Yan gaba biyar ake jerawa, biyu daga cikinsu su manne da layin gefe. Aikin ɗan gefe shi ne ya karɓi ƙwallo, ya fuskanci ɗan baya ido da ido, ya yanke shi, ya kai ƙarshen fili, sannan ya ɗago ta tsakiya. Ƙwallon ta fata ce mai ɗinki, idan ta sha ruwan sama sai ta yi nauyi kamar dutse. Filaye da yawa ƙasa ce da tsakuwa. Canjin ɗan wasa kuwa bai zama ruwan dare ba tukuna, wanda aka taka sai dai ya ɗingisa har a tashi.

A cikin wannan yanayi Baba Yara ya yi suna da gudu da yanka da iya ɗago ƙwallo daidai kan ɗan'uwansa. Bai kuma tsaya ga bayarwa ba, da kansa yake kutsawa ya ci. Alƙaluman da marubuta wasanni a Ghana suka saba kawowa sun ba shi ƙwallo 49 a wasa 51 da ya buga wa ƙasarsa, adadin da ko ɗan gaban tsakiya zai yi alfahari da shi. Jaridu suka raɗa masa Sarkin 'Yan Wasan Gefe na Afirka ta Yamma.

Da shi Kotoko ta ci kofin ƙalubale na Ghana a 1958, bayan ta doke babbar abokiyar hamayyarta Hearts of Oak ta Accra, sannan ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1959. A wannan shekara ce kuma aka buɗe babban filin wasa na Kumasi, wanda daga baya zai amsa sunansa.

Akwai wani abin lura. Gidan talabijin na Ghana bai fara aiki ba sai a 1965, shekara biyu bayan wasansa na ƙarshe. Saboda haka mafi yawan masoyansa ba su taɓa ganinsa da ido ba. A rediyo suka san shi, da hotunan jarida, da bakin waɗanda suka je fili suka dawo suna ba da labari. Abin da ya rage na bajintarsa a yau ya fi yawa a bakunan dattawa.

Ƙungiyar shugaban ƙasa

Ghana ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, kuma Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallon ƙafa da muhimmanci fiye da yawancin shugabannin zamaninsa. A ganinsa fili wuri ne da baƙar fata zai nuna wa duniya cewa ba ya ƙasa da kowa. Tawagar ƙasa ta koma Black Stars, aka kuma damƙa harkar wasanni a hannun Ohene Djan, mutumin da ya zama daraktan wasanni na ƙasa.

A 1961 suka fito da wata dabara. Aka kafa sabuwar ƙungiya a Accra mai suna Real Republikans, aka ce manyan ƙungiyoyin ƙasar kowace ta ba da gwanayenta biyu. Manufar ita ce zaratan 'yan wasa su riƙa wasa tare kowane mako, ta yadda idan aka kira tawagar ƙasa sun riga sun san juna. Mutane suka riƙa kiranta ƙungiyar Osagyefo, wato laƙabin Nkrumah.

Daga Kotoko aka ɗauke Baba Yara da ɗan baya Dogo Moro. Wannan bai yi wa mutanen Kumasi daɗi ba ko kaɗan. Da ma ƙasar Asante ita ce cibiyar adawa da Nkrumah tun kafin samun 'yanci, sai ga shi an zo an ɗebe musu abin alfaharinsu an kai babban birni. Shi kuwa ɗan wasan, kira ne daga sama, kuma a wancan zamani ba a cewa gwamnati a'a cikin sauƙi.

Ta fuskar wasa dai dabarar ta yi aiki. Republikans ta riƙa kwashe kofuna, tawagar ƙasa kuma ta yi ƙarfin da a watan Agustan 1962 ta tashi 3 da 3 da Real Madrid ta Sifaniya a Accra. Wannan ita ce Madrid ta su Alfredo Di Stefano da Ferenc Puskas, wadda ta ci kofin Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960. Ghana kuma ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Afirka ta 1963. Kowa ya sa ran a nan ne nahiyar gaba ɗaya za ta ga Baba Yara a kan ganiyarsa.

Kwanar Kpeve

Ranar 24 ga Maris, 1963, Republikans ta je garin Kpandu a yankin Volta ta kara da ƙungiyar Volta Heroes a wasan gasar ƙasa. Ta ci 5 da nema. 'Yan wasa suka shiga motarsu suka kamo hanyar Accra cikin farin ciki.

A Kpeve, inda hanya ke murɗawa a gindin tsaunuka, motar ta zame a wata kwana ta bar titi ta daki gefen tudu. 'Yan wasa da dama sun ji rauni, amma yawancinsu sun warke sun koma fili. Baba Yara shi ne aka ɗauko ba ya iya motsa ƙafafunsa. Raunin ya taɓa lakarsa, wato jijiyar da ke bin cikin ƙashin baya tana kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa sauran jiki. Shekararsa 26.

Daga asibitin sojoji na Accra aka ɗauke shi a jirgi zuwa Ingila tare da rakiyar likita, aka kwantar da shi a asibitin Stoke Mandeville. A lokacin babu inda ya fi wannan asibiti suna a duniya wajen kula da masu raunin laka. Wani likita Bayahuden Jamus mai suna Ludwig Guttmann ne ya kafa sashen a 1944 domin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne kuma ya fara shirya wa majinyatansa wasanni a kan keken guragu a 1948, abin da ya girma ya zama gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman.

An kai shi inda ya kamata, kuma a kan lokaci. Amma laka idan ta yanke ba ta ɗinkuwa, a jiya da yau duka. Ranar 14 ga Agusta, 1963, Baba Yara ya sauka a filin jirgin saman Accra a kan keken guragu.

Shekara shida

Wata uku da 'yan kwanaki bayan dawowarsa aka buɗe gasar da ake ta jira. Ranar 1 ga Disamba, 1963, Black Stars ƙarƙashin koci C.K. Gyamfi ta doke Sudan da ci 3 da nema a Accra, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Abokan da suka shiga mota ɗaya da shi daga Kpandu suna cikin waɗanda suka ɗaga kofin. Bayan shekara biyu, a 1965, suka sake ɗaukarsa a Tunisiya. Wanda ake ganin ya fi su duka iya ƙwallo ba ya cikin hoto ko ɗaya.

Sai kuma duniya ta juya. Ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji suka hamɓarar da Nkrumah yana kan hanyar tafiya ƙasar waje, ya ƙare da zaman gudun hijira a Gini. Ohene Djan ya rasa kujerarsa. Aka rushe Real Republikans, 'yan wasanta kowa ya kama gabansa. Ƙungiyar da aka raba Baba Yara da garinsu saboda ita, wadda a bakin aikinta ya ji rauni, ta zama babu. Mutanen da suka kawo shi Accra su ma babu su a kan mulki. Shi kuwa yana nan kwance.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan rauni ya san abin da shekara shida ke nufi. Sai an juya shi dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Sai an kula da fitsarinsa don kada cuta ta hau zuwa ƙoda. Sai an ɗaga, an wanke, an shimfiɗe. Ana buƙatar kuɗi kullum, kuma mai nemowa shi ne a kwance. Masu dubiya suna cika ɗaki a watan farko, a shekara ta uku sai dangi na jiki.

Ranar 5 ga Mayu, 1969, Baba Yara ya rasu a asibitin Korle Bu da ke Accra yana da shekara 32. Bai ga lokacin da tsohuwar ƙungiyarsa Kotoko ta zama zakarar Afirka ba, a gasar 1970. Sai bayan fiye da shekara 30, a zamanin mulkin Shugaba John Kufuor, aka sa wa filin wasa na Kumasi mai ɗaukar kimanin mutum 40,000 sunansa.

Hanyar ba ta sauya ba

Da abin da ya faru a Kpeve ya zama na ƙarshe, da sai a ce tsautsayi ne na zamanin da. Amma jerin yana da tsawo. A 1978 Sam Garba Okoye, gwanin Jos da ya yi tashe a tawagar Najeriya, ya rasu a hatsarin mota. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tana kan hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar ciki har da Gambo Mohammed. A watan Yulin 2017 motar ita kanta Kotoko ta yi karo da wata babbar mota da dare a kusa da Nkawkaw, tana komawa Kumasi bayan wasa, jami'in kula da kayan wasanta ɗaya ya rasu, kocinta da 'yan wasa suka ji rauni. Sai kuma gadar Chiromawa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Najeriya ƙasa ce mai faɗi, kuma ƙungiyar da ke Kano dole ta je Aba da Fatakwal da Ibadan a kaka ɗaya. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyi, balle tawagar da ta ƙunshi ɗaruruwan 'yan wasa. Kowane ƙarin dare a masauki kuɗi ne, saboda haka da an tashi daga wasa sai a ɗau hanya. Direba ɗaya yakan riƙe sitiyari tun daga yamma har gari ya waye, kuma barci ya fi kama mutum a daidai lokacin da ya ga ya kusa gida, hankalinsa ya kwanta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a bayaninta na farko kan hatsarin Chiromawa, ta ce mai yiwuwa gajiya da gudun wuce kima ne suka jawo shi bayan doguwar tafiyar dare. Da ma hukumar ta daɗe tana gargaɗi a kan tafiyar dare da tuƙi babu hutu. Musulmi ya yarda da ƙaddara, amma malamai ba su taɓa cewa tawakkali ya ɗauke wa mutum nauyin yin hattara ba. Direba na biyu, da kwana ɗaya a Kaduna ko Abuja, da duba taya da birki kafin a tashi, duk kuɗinsu bai kai na jana'iza ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya shafi mazauna bakin hanya kai-tsaye. Idan mota ta faɗi tsakanin Dakatsalle da Kura, waɗanda ke fara isa wurin ba likitoci ba ne. Manoma ne da ke ban-ruwa, da masu lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, da 'yan acaɓa. Da kyakkyawar niyya sukan kama wanda ya ji rauni hannu da ƙafa su fizgo shi. Masana lafiya sun yi gargaɗi cewa idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, irin wannan ɗauka tana iya ƙarasa yanke lakar da ta rage. Matuƙar babu barazanar wuta ko nutsewa a ruwa, abin da ya dace shi ne a riƙe kai da wuya da baya a miƙe, a zura mutum a kan abu mai faɗi da tauri kamar ƙyauren ƙofa, sannan a ɗaga shi gaba ɗaya. Minti biyar na farko suna iya raba wanda zai koma gona da wanda zai ƙare a kan keke.

Waɗanda suka rayu

Bayan hatsarin Chiromawa, an kai waɗanda suka ji rauni Babban Asibitin Kura da asibitocin cikin birni. Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda ke ƙasar Saudiyya a lokacin, ya ayyana Litinin 2 ga Yuni a matsayin ranar hutu domin makoki. Gwamnati ta sanar da tallafin farko na Naira miliyan ɗaya da kayan abinci ga iyalan kowane mamaci. Shugabanni daga ko'ina suka aiko da ta'aziyya.

Wannan duk daidai ne, kuma al'ada ce mai kyau. Amma darasin rayuwar Baba Yara ba a kan mamata yake ba. A kan wanda ya rayu ne. Mamaci ana yi masa salla, a yi zaman makoki, a ba iyalansa abin da ya sawwaƙa. Wanda ya fita da karyayyen ƙugu ko gurguwar ƙafa kuwa, sana'arsa ce ta mutu ta bar shi. Ɗan wasa ba shi da jarin da ya wuce jikinsa. Malamin makaranta zai iya koyarwa a zaune, tela zai iya ɗinki, amma ɗan tsere ko ɗan dambe ko ɗan ƙwallon da ƙafarsa ta tafi sai ya sake rayuwa daga farko.

Tallafin da shugaba ya bayar don tausayi kyauta ce, kuma kyauta tana tafiya da mai ita. Baba Yara ya samu babban gata a zamaninsa, domin ƙungiyar shugaban ƙasa yake yi wa wasa. Cikin shekara uku babu shugaban, babu ƙungiyar. Abin da ba ya tafiya da sauyin gwamnati shi ne haƙƙin da aka rubuta: inshorar da aka biya kafin mota ta tashi, wadda ta fayyace wanda zai ɗauki nauyin magani, da na shekara nawa, da abin da za a riƙa ba wanda ya nakasa a bakin aikin wakiltar jiharsa. Tambayar da ta kamaci kowane uba kafin ya sa wa ɗansa albarka ya shiga motar tawaga ke nan.

Sai batun suna. Legas tana da filin Teslim Balogun, Owerri tana da na Dan Anyiam, Asaba tana da na Stephen Keshi, duk tsofaffin 'yan wasa. A 1953, shekara biyu kafin Baba Yara ya fara wasa a Kotoko, tawagar Kano ta ci Kofin Gwamna, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗauke shi. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar gasar ƙasa. Yau mutum zai zagaya gidajen kallon ƙwallo na birni da ƙauye bai samu matashin da zai lissafa masa 'yan wasa uku daga cikin waɗannan tawagogi ba. Mutum 22 na gadar Chiromawa ma, idan ba a rubuta sunayensu a inda ido zai riƙa gani ba, hanyar da za su bi ke nan.

Da la'asar sakaliya, idan aka rufe ruwa aka taso daga gona, yaran Kura da Bunkure da Garun Malam sukan taru a filayen makarantun firamare da fegin da aka girbe. Duwatsu biyu ko takalma su ne raga. Wasu da rigar Pillars, wasu da ta Ahmed Musa, wasu babu riga sam. A kowane fili akwai wani siririn yaro da ke manne da gefe, wanda idan ƙwallo ta shiga ƙafarsa 'yan kallo ke miƙewa. Idan ya dace, wata rana za a kira shi Kano, daga nan a sa shi a mota zuwa Kudu. Hanyar da za ta dawo da shi gida ita ce wannan da ta ratsa ta bayan gonar mahaifinsa, ta hau gadar Chiromawa.